Wankan Jego a Ɗakin Haya

Tun da aka kafa sabuwar dokar haya, duk wanda ya yi kwana ɗari uku da talatin a ɗakinsa cikin shekara, mai gida ba shi da ikon hana shi sabunta hayar. Ƙofar ɗakin ce, da na'urar da aka saka mata, ke ƙirga kwanakin. Mijina direban tirela ne, don haka kwanana ne ke riƙe mana ɗakin.

Washegarin ranar da na haihu, mai gidan, Alhaji Badamasi, ya zo barka.

"Mai jego, ga mota can na ɗauko, a kai ki Gumel wanka. Haihuwar fari ai sai gaban iyaye."

Gwaggona Talatu, da ta zo taya ni zama, har ta fara ɗaure kaya. "Kin ga mutumin kirki."

"Gwaggo, kwance kayan nan. Jego kwana arba'in ne, doka kuwa talatin da biyar ta yafe mini. In na tafi, wasu zan dawo in tarar a ɗakin." Na juya wajensa. "Allah ya saka da alheri, Alhaji. A nan zan yi wankana, kuma baɗi ma muna nan."

Ya yi 'yar dariya, ya ce yaran yanzu sai addu'a, ya fita.

Na ɗora tafina a jikin ƙofar don in ji lissafina. Ta amsa cikin sanyin murya: "Jiya mutum uku suka kwana. Ƙaramar ta farka sau huɗu."

Ashe ba ƙirga kawai ƙofar ke yi ba, har saurarenmu take yi. Sai na ja shimfiɗar jaririyar can ƙuryar ɗaki, nesa da ƙofar, na ce Gwaggo ta ɗora ruwan zafi.