Tikitin Zuwa Wurin Yaro

Tun safe Dogo bai sayar da tikitin jirgi ko ɗaya ba, kuma manaja ya gama magana: mutum na gaba da ya shigo ofishin nan ya fita hannu rabbana, Dogo ya ɗauki hularsa ya bi shi.

Sai ga wata dattijuwa ta turo ƙofa, jaka a hammata, ta zauna ba a ce ta zauna ba. Ta ce ita mai shagon atamfa ce, mijinta ya rasu, kada kowa ya ga mace ya ɗauka ya sami banza.

"Yaran biyu ne," ta ce. "Ɗaya yana birnin bakin teku, ɗaya ƙasar sanyi. Daga filin jirginku zuwa nasu, yaya nisan yake?"

A ofishin akwai dabarar da ake koya wa kowane sabon ma'aikaci: tsoho in ya tambayi nisa, tsoro yake ji, sai a rage masa. Dogo ya washe baki.

"Bakin teku ai nan da nan ne, Mama. Kafin shayi ya huce an sauka. Jirgi safe da yamma, mota ma tana zuwa."

Ta haɗa rai.

"Ƙasar sanyin fa?"

"Ita ma ba wani nisa. Gyangyaɗi ɗaya ne."

Ta miƙe tana gyara mayafi. Manaja ya yi gyaran murya daga bayan gilashi. Da Dogo ya ga aikin ya riga ya tafi, sai haushi ya kwance masa baki.

"Mama, tsakani da Allah, ƙarya na yi. Ƙasar sanyi wuni guda ce cur a sama. A sauke ki a wani filin, ki yi ta jira kan kujerar ƙarfe har ƙugu ya sage, a sake loda ki. Jirgin ma sai mako-mako. Mota ba ta zuwa, ruwa ne tsakani. Dattijon da ya sha wannan hanya sau ɗaya, ko da bulala ba ya sake ta."

Ta koma ta zauna a hankali.

"Yanzu ka yi magana, ɗan nan."

Aka shiga ciniki. Ta taya tikiti kamar ragowar yadi, ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa, har manaja ya fito da kansa ya sallama. Kujera kuwa ta ce ko wacce, ko ta kusa da ban-ɗaki. Da aka zo kan dawowa ta ɗaga hannu: zuwa kaɗai.

Tausayi ya kama Dogo. Baiwar Allah za ta bar shagonta ta ƙarasa rayuwa cikin ƙanƙara. Ya karɓi fasfo da hannu biyu, ya buɗe, ya yi turus. Wani ƙaton tsoho mai gashin baki yake hararar sa daga hoton.

"Mama, ba ke za ki tafi ba?"

"In bar wa wa shagona? Yayan marigayi ne zai je ganin ɗansa. Tun bara ya zo mini ta'aziyya, har yau bai gama ba."