Zarto Mai Harbin Jaki

Wani kafinta ne ya shekara talatin yana yankan katako da zarton hannu, har ta kai ko idonsa a rufe ya san inda haƙori zai bi. Aikinsa ba shi da makusa, sai dai ba ya son a gaya masa. Irin mutanen nan ne da in ka ce musu ga rami, sai su ce ai su suka haƙa shi. Da girma ya fara kama shi, kafaɗa ta soma tsami, sai ya samu aikin rufin wani gida mai ɗaki shida a bayan gari, ya ga in da zarton hannu ne damina za ta riske shi bai gama ba. Ya shiga kasuwa ya nemi zarton lantarki, irin mai faifan haƙora da ke juyawa, ya samu wanda aka taɓa aiki da shi. Mai shi na farko ya ɗage murfin da ke rufe haƙoran ya ɗaure shi da waya, wai yana rage masa sauri, kafinta kuwa ya ga dabarar ta yi masa. Amma mai sayarwar, wani makaniken inji da a haife kafinta ya haife shi, ya ƙi miƙa masa zarton sai da ya sa filaya ya datse wayar, murfin ya koma ya rufe. Sannan ya ce, "Baba, wannan abin halin jaki gare shi, baya yake harbi. Kada ka tsaya a bayansa, ka riƙe shi da hannu biyu. Kuma kada ka ɗora katako a kan abu biyu ka yanka tsakiya." Kafinta ya ji haushi ƙwarai. Ya karɓi kayansa ya tafi yana ƙunƙuni, wai ɗan jiya ne zai koya masa yankan katako.

Washegari da hantsi aka tayar da janareta a wurin aiki. Kafinta ya yi abin da hannunsa ya saba: ya ɗora katakon rufi a kan bulo biyu, ya ja layi a tsakiya, ya dafa gwiwa a kai, cinyarsa na daidai bayan zarton. Da wannan ƙafar yake hawa rufi, da ita yake ciyar da mutum tara, ga asibiti can nesa cikin gari. Har ya kai yatsa kan maɓalli sai maganar jakin nan ta faɗo masa. Shi kuwa ya san harbin jaki, don tun yana yaro wani jaki ya taɓa zubar masa da haƙori. Ya waiga ya tabbata magina ba sa kallonsa, kada a ce ya ɗauki shawara, ya sauke gwiwa, ya matsa gefe taku ɗaya, ya kama zarton da hannu biyu. Zancen bulo kuwa ya ce wannan iyayi ne kawai, ya bar su yadda suke.

Zarto ya shiga katako kamar wuƙa cikin kabewa, har kafinta ya fara murmushi. Da yankan ya wuce rabi sai katakon ya lotsa a tsakiya, gefe biyun suka haɗe suka matse faifan. Da zarton hannu ne da sai ya cije ya tsaya, mai shi ya ji a wuyan hannu ya sassauta. Inji bai san wannan ba. Haƙoran suka taka katakon suka hayo, zarton ya yi tsalle da baya da ƙarfin da ya fizge hannunsa na hagu, ya bi ta daidai inda cinyarsa take ɗazu. Kafin ya gogi gefen wandonsa murfin ya riga ya koma ya rufe haƙoran, shi kuma ya saki maɓalli. Faifan ya gama juyinsa a cikin murfi ya yi shiru.

Kafinta ya zare wayar wuta, ya zauna a kan bulo. Ya shafa cinya, ya sake shafawa, ya duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwarzane babu, sai garin katako a wando. Zufa ta keto masa, wani sanyi ya sauka a zuciyarsa, ya yi ta hamdala, can kuma sai ya kama dariya shi kaɗai. Da ya dawo hayyacinsa ya kawar da bulon, ya ɗaure katakon a kan benci yadda guntun da za a cire zai leƙo waje ya faɗi da kansa, ya rage zurfin faifan har haƙoran suka leƙo ƙasa kaɗan kawai. Haka ya yanke katakon gidan nan kaf, zarton bai ƙara ko tari ba.

Da la'asar ya sayi goro ya bi ta rumfar makanike, abin da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba. Makanike ya tambaye shi yaya inji. Kafinta ya ajiye goron ya ce, "Jakinka ya yi harbi, ɗana, amma bai same ni a bayansa ba." Rabin magana ya ɗauka, a kan dole ma, kuma rabin nan ne ya kai shi gida da ƙafafunsa biyu. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.