Hatimi a Maƙogwaron Malam Gambo

Tun da aka hana yi wa manhajar na'urori faci, wato kowane irin gyara, yadda kamfani ya rufe ta haka take zuwa, da hatiminta. Tabawa ta jawo mijinta Malam Gambo har shagon Sallau mai ɗora manhaja, na'urar magana manne a maƙogwaronsa da aka yi wa aiki.

"Tun da aka sabunta ta bai ce uffan ba," in ji Tabawa.

Sallau ya duba, ya taɓe baki. "Hajiya, muryarsa tana ciki. Manhajar ce ke nemanta inda masu ita suka saba ajiyewa, mu kuwa ba nan muke ajiyewa ba. Gyaran layi ɗaya ne a rubutun manhajar."

"To gyara mana, ɗan nan!"

"In karya hatimi a rufe min shago? Faci ne fa ya kashe wasu masu na'urar zuciya bara. Wannan ba wanda ya taɓa ta, kuma tana aiki."

Ya danna maɓallin gwaji. Hawaye na gangarowa gemun Malam Gambo, maƙogwaronsa ya ce da muryar wata mace mai fara'a: "Komai lafiya lau."

"Kin ji da bakinsa," in ji Sallau. "Wa ke biye?"