Saƙar Malam Sadiq

Sandar farko ta sauka a kafaɗar Lawal kafin ya gane da shi ake. Yana tura kekensa ne tsakanin masu tattasai da masu gero, don ba mai hawa keke cikin kasuwar Tudun Wada sai mai neman zagi. Ko taku ashirin bai yi daga rumfar gyara ba ya ji Gwadabe mai gyaran keke yana kwarmato a bayansa.

"Ku tare shi! Ƙafar keken Uzairu ce a jikin kekensa!"

Kwana shida ke nan da aka tsinci gawar Uzairu cikin dawa a gefen hanyar Doguwa, an rotsa masa kai, an tafi da kekensa. Gari yana tafasa. Har an fara zama a ƙofar mai unguwa ana tambayar wa ya yi masa ganin ƙarshe. Mutane dai so suke su sami wanda za su huce a kansa, ga shi kuwa an miƙo musu baƙo, mai kawo rogo daga Kiru, wanda ba shi da kowa a nan.

Suka kayar da shi. Wani mahauci ya take masa hannu har aka ji ƙashi ya yi ƙara. Lawal yana ihu yana cewa faci kawai ya kawo, tun safe keken yana rumfar Gwadabe, yanzu ya karɓa.

"Faci ya kawo, gaskiya ne," in ji Gwadabe, yana share hawaye da hannunsa mai ɗaure da tsumma. "A nan na gane ta. Saƙar maigidana ce, ko a mafarki na gan ta na san ta."

Duk mai keke a yankin ya san wannan saƙa. Marigayi Malam Sadiq, uban Uzairu, shi ya ƙirƙiro ta. Kowane mai gyara yana gitta wayar ƙafa sau uku, shi sau huɗu yake gittawa, sannan ya ɗaure mahaɗar da jar waya. Ƙafar da ya saƙa takan ɗauki buhun masara biyu ba ta karkace ba. Mutum biyu kacal ya koya wa: ɗansa Uzairu, da Gwadabe, wanda ke riƙe da rumfar tun rasuwarsa. Bana ne Uzairu ya ce zai dawo ya karɓi rumfar ubansa bayan girbi.

Wani dattijo ya shiga tsakani ya ce a ji tsoron Allah, a nemo shaida. Aka ce ai ga Luba can, yayar mamacin, ta zo da mijinta Surajo awon geron sadakar bakwai. Aka buɗa mata hanya.

Luba ta durƙusa gaban keken. Ita ba baƙuwar ƙafar keke ba ce. A zauren gidansu ta tashi tana miƙa wa ubanta wayoyi ɗaya bayan ɗaya, yana juya ƙafar da alli a hannu, inda ta gogi allin ya ɗaure, inda ta kauce ya sassauta. In mai keke ya hau sabuwar saƙa ta yi ƙil-ƙil-ƙil ya tsorata, sai Malam ya yi dariya ya ce, "Wayoyi ne ke neman wurin zama. Sau ɗaya take wannan kukan, a hawan farko, kamar jariri ranar haihuwa."

Ta ƙirga da yatsa. Gitta huɗu. Jar waya a kowace mahaɗa, ta yi baƙi da tsohon mai. Shekara uku Uzairu yana hawan irin wannan ƙafa, ita ce ta ƙarshe da ubansu ya saƙa. Ta ɗago ta dubi Lawal, jini ya rufe masa ido ɗaya, yana ce mata, "Baiwar Allah, ina da 'ya'ya huɗu."

"Ita ce," in ji Luba.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Dutse, faskare, ƙafar benci, duk abin da hannu ya kai. Dattijon nan ma sai da aka fasa masa goshi. Luba ta ɗauki dutsen da mai gero ke danne buhu da shi ta jefa, ta kuma ga inda ya sauka, a lokacin ba ta ji komai ba sai sanyi a ƙirjinta. Kafin motar jami'an tsaro ta iso Lawal ya daina motsi, takalminsa ɗaya yana cikin kwandon tumatir.

Gwadabe ne ya janye keken daga turmutsitsin, ya tura shi har bakin kasuwa ya damƙa wa Surajo. Ya rusuna wa Luba. "Yaya, Allah ya bi mana haƙƙinmu. Rumfa kuwa kada ki damu, zan ci gaba da riƙe ta amana."

Ta yi masa godiya, har ta tambaye shi hannu. Ya ce sifana ce ta kufce masa makon jiya, ya yi sauƙi.

Surajo ya ɗaure buhun geron a kariyar bayan keken, ya ce ta biyo shi a babur ɗin haya, shi zai yi gaba. Ya kama kan keken, ya ɗora ƙafa a feda, ya haye sirdi da dukan nauyinsa.

Ƙil. Ƙil-ƙil-ƙil.

Luba ta tsaya cak, da ƙurar dutsen nan har yanzu a tafin hannunta. Ƙafar da ke kuka ba ta shekara uku ba ce, yau aka saƙa ta aka shafe ta da tsohon mai, kuma hannun da ya iya wannan saƙa guda ɗaya ya rage a duniya, ga shi can ɗaure da tsumma yana ɗaga mata sallama.