A Gaishe Min Da Motar

Kai da kullum kake cewa sai ka shirya za ka leƙa gida, gyara zama ka ji.

An yi wani ɗan kasuwa a birni, ɗan fari a wurin uwarsa. Da Allah ya buɗa masa sai ya sayi mota irin ta 'yan tsere, mai ƙofa biyu, ja wur kamar barkono. Yadda maƙeranta suka yi ta bai ishe shi ba. Ya kai ta gareji aka cire mata shokozoba, ƙarafan nan na bayan taya da ke rage jijjiga, aka kawo wasu na waje, kowanne da sifirin naɗe a jikinsa, a gindin sifirin kuma da zoben ƙarfe wanda in an murɗa mota ta yi sama ko ta yi ƙasa. Bakanike ya jera masa sifirin iri-iri a kan kwali, ga mai laushi da ke shanye rami, ga mai tauri da ke riƙe mota in an sha kwana a guje. Mutumin ya tuna hanyar garinsu, wadda motocin yashi suka tone, tsakiyarta ta tashi kamar kunyar dawa. Ya kuma tuna abokansa da ke taruwa ran Lahadi a kan sabuwar kwalta. Sai ya ɗauki mafi tauri, ya sa aka yi ta murɗa zobe har cikin motar ya kusa lasar ƙasa, ko ƙadangare sai ya kwanta kafin ya wuce.

"Ai daɗin abin ke nan, yallaɓai," in ji bakaniken. "Ranar zuwa ƙauye ka biyo ta nan, kafin shayinka ya huce na ɗaga maka ita."

Da wannan magana mutumin ya yi matashin kai.

Uwar kuwa mace ce irin ta da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta buɗe baki ta ce tana son ganinsa. In ƙanensa ya kira shi ya miƙa mata waya, abin da take cewa ke nan: "Ya motar? An ce ja ce. Mu dai ba mu gan ta ba."

"Inna, hanyarku ce ba kyau. Sai na sa an ɗaga ta."

"To. A gaishe min da ita."

Yana ajiye waya sai ya tada inji, ƙara ta rufe maganar. Salla ta zo, ya yi niyya, abokai suka ce yanzu wannan amaryar za ka mayar a-kori-kura? Ya aika da atamfa. Damina ta sauka, motar ta sha ruwan kwata da laka, a wanke bayanta tana ƙyalli, zoben yana can ƙasa ba wanda ya taɓa shi. Wata daminar ma ta zo ta wuce.

Ran nan da safe ƙanen ya kira. Ya ce jikin Inna ya yi tsanani, ba ta ko magana, sai ɗazu ta buɗe ido ta ce a kawo motar nan ta gani. Mai hankali tasha zai nufa da kayan jikinsa, kafin azahar yana zaune a gabanta. Shi sai ya nufi gareji, wai mota ta ce, mota zai kai mata. Aka sa sifana, zobe ya ce bai san zancen ba, tsatsa ta haɗe shi da sandarsa sun zama abu ɗaya. Aka zuba kalanzir, aka gasa da wuta, aka buga da guduma, rana tana ta yin sama.

"Yallaɓai, abin da aka bari bai motsa ba ai a nan yake mutuwa," in ji bakaniken, yana share gumi. "Sai dai a yanka."

Haka ya ja ta. A kan kwalta ta yi gudun da aka saye ta dominsa. Da ya sauka hanyar ƙasa, sifirin da ya zaɓa da hannunsa ya riƙa miƙa masa kowane rami a ƙashin baya, har cikin motar ya hau tudun tsakiyar hanya ya zauna daram, taya na juyawa a banza, baƙin mai na tsiyaya cikin yashi. Kunya ta hana uwa kira, kunyar hanya ta hana ɗa isa. Ya ƙarasa a ƙafa. A bakin gari ya yi kiciɓis da maza suna dawowa daga maƙabarta, makara ba kowa a ciki.

Gwaggonsa ce ta tare shi a tsakar gida, ba ta ko amsa sallamarsa ba. "Har ta cika idonta na kan ƙofa," in ji ta. "Yaushe ka taɓa ganin tsohuwa ta damu da ƙarfe? Sunanka ne ba ta iya faɗa."

Washegari shanun huɗa suka jawo motar har ƙofar gida, ana zaman makoki. Duk garin suka gan ta. Ja ce kuwa, kamar yadda aka faɗa wa Inna.

Shi ya sa magabata suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.