Mai Cin Ƙosai a Gindin Darbejiya

"Ungo, ci mana," in ji Malama Edna, tana miƙa ƙosai. Safiyyatu ta sunkuyar da kai, ba ta karɓa ba.

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga boko kyauta aka turo Malama daga Kaltungo zuwa wata firamare a unguwar Madaki. Ba ta san kowa a Gombe ba. Hedimasta kuwa ya kafa doka: lokacin tara, kada a bar kowa ya ci abinci shi kaɗai. Amma kullum sai Safiyyatu, 'yar Fulanin nan, ta baro 'yan ajinsu, ta zo gindin darbejiya inda Malama ke karyawa, ta zauna.

Abin ya tsaya wa Malama a rai, don ta san ɗacin rashin abokin ci. Ta jawo bulala.

"Su wa suka ware ki? Yau jikinsu zai gaya musu."

"Ba wanda ya ware ni, Malama. Tare muke shan fura, sannan in zo."

"To, me ya hana ki cin ƙosaina?"

"Mu ba ma ci a gaban manya."

"Zaman me kike yi a nan, ke kuwa?"

Yarinyar ta ɗago kai a hankali.

"Hedimasta ya ce kowa. Muka duba makarantar kaf, ke ce mai ci ke kaɗai. Sauran suna tsoron bulalarki, shi ne na ce ni zan riƙa zuwa."

Malama ta dubi bulalar da ke hannunta, ta rasa inda za ta ajiye ta.