Sallau Ya Naɗe Hannun Riga

Tun da aka kafa dokar, duk wanda za a leƙa hanjinsa da na'ura sai an ɗaura masa koriyar munduwa ana gobe. Da ya kusanci abinci, sai ta kira sunansa da ƙarfi. Maza kan wuni a ɗaki ranar, wasu su yanke ta su fasa zuwa asibitin.

Sallau, tsohon direban tanka, ya naɗe hannun riga ya tafi teburin mai shayi.

Ana fasa ƙwai munduwar ta ce, "Sallau Jatau, ruwa kawai."

Mutanen kan benci suka kwashe da dariya.

"Amarya, har da awarwaro?" in ji abokinsa Mati. "Ka dai san ta inda za su shiga?"

"Na sani. Ta inda jinin yake fitowa."

Dariyar ta tsaya.

"Yayana yanke tasa ya yi, don gudun bakinku. Da kai aka ɗauki makararsa, Mati. Ka ji wani nauyi? Ciwon hanjin ya gama cinye shi."

Ya zazzage garin maganin wankin ciki a kofi, ya miƙa wa mai shayin.

"Zuba ruwa. Nan zan sha. In na miƙe ku ba ni hanya, don maganin nan ba ya jira."